Aljihu, Faci, Wuya ko Ƙarin Tsawo: Wane Ado Ya Dace da Riga Mai Miƙewa?

Zafin Legas da gumin da ba ya rabuwa da shi sun sa riga mai miƙewa, wadda aka fi sani da tishat, ta zama suturar yau da kullum a gidajen Hausawa da dama, daga Agege da Idi-Araba har zuwa Obalende. Ana samun sabuwa a Balogun da Oshodi, ana kuma tsintar ta gwanjo mai kyau a Yaba da Katangowa, ko a kasuwar Aswani ranar Talata. Abin da ke rage mata daraja shi ne yawancinta launi ɗaya ce babu ado, wata kuma gajeriya ce har mace ba ta sakewa ta fita tsakar gida da ita. A gefe guda kuma, duk matar da ke kai ɗinki ba ta rasa ƙyallayen atamfa da suka rage, waɗanda ba su isa ɗankwali ba amma ana jin nauyin zubar da su. Haɗa waɗannan biyun yana iya mayar da riga mai araha ta zama abin fita, sai dai hanyoyin suna da yawa, kuma ba kowacce ce ta dace da kowace riga ba. Guda biyar ne aka fi yi: ɗora aljihu, ɗora faci na ado, gyaran wuya, ƙara tsawo a ƙasa ko a hannu, da kuma furannin ƙyalle da ake ɗinkawa da hannu.

Kafin a shiga kwatanta su, akwai abu ɗaya da duk hukuncin ya rataya a kansa. Atamfa da shadda saƙar tsaye da kwance ce, zare ya haye zare, don haka idan aka ja su ba sa bayarwa sai ɗan kaɗan ta kusurwa. Ita kuwa tishat zare ne aka yi ta zargewa madauki cikin madauki kamar sarƙa, shi ya sa take miƙewa, kuma ta fi miƙewa ta faɗi fiye da ta tsawo. Wadda takardar cikinta ta nuna auduga kashi 95 da zaren roba kashi 5 ta fi zallar auduga miƙewa da komawa yadda take. Duk inda aka ɗinka atamfa a kan irin wannan riga, wurin ya daina miƙewa ke nan har abada. Saboda haka tambayar farko ita ce, a wane wuri ne rigar za ta iya rasa miƙewarta ba tare da ta ƙi shiga jiki ba? Wuya yana buƙatar miƙewa domin kai ya wuce, faɗin ƙirji yana buƙata, ƙasan riga ma yana buƙata idan ta kama ƙugu. Saman ƙirji kusa da kafaɗa da bakin hannu mai faɗi kuwa ba su damu ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne kuɗi, kuma na auna shi da yawan yadi da kayan haɗi da yawan aikin da tela zai yi, domin su ne ba sa canzawa ko da farashin kasuwa ya motsa. Na biyu shi ne ƙarko, wato yadda adon zai jure wankin hannu da matsewa da shanya, musamman a damina ta Legas, inda a watannin Yuni da Yuli kaya kan kwana a igiya ba su bushe ba. Na uku sauƙin aiki ne, kuma wannan ya dogara ƙwarai da irin keken da ke hannu. Baƙin keken Butterfly da ake samu a ɗakunan mata da yawa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, haka ma babban keken lantarki da yawancin teloli ke aiki da shi, alhali miƙaƙƙen ɗinki ba ya bayarwa, da zarar an ja rigar sai zaren ya tsinke. Ɗinkin zigizag ne ke miƙewa tare da yadin. Na huɗu shi ne haɗari: idan aikin ya ɓaci, za a iya warwarewa a dawo da rigar, ko kuwa an riga an sa mata almakashi? Na ƙara na biyar wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato ko adon zai fito fili. Matar da ke yafa mayafi ko sa hijabi duk lokacin da za ta fita ta san cewa abin da ke wuya da ƙirji a cikin gida kaɗai ake ganinsa, hannu da ƙasan riga ne ke leƙowa.

Akwai shiri ɗaya da ya hau kan dukkan hanyoyin, kuma tsallake shi ne ke ɓata aiki fiye da rashin gwaninta. A wanke rigar da ƙyallen daban-daban, a shanya, a goge, sannan a yanka. Sabuwar atamfa tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma idan ta tsuke bayan an ɗinka ta sai ta tattaro rigar da ke ƙarƙashinta. Wata kuma tana zuba, balle adire irin na Abeokuta da aka rina da baba, wanda zai iya ɓata farar riga a wanki ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa farin ƙyalle a goga a kai da ƙarfi, idan ya ɗauki launi to kada a ɗora wannan yadin a kan riga mai haske. Sai batun allura. Allura mai kaifi lamba 14 ko 16 da ake ɗinka atamfa da shadda da ita tana yanke madaukan tishat, kuma ba a ganin ɓarnar nan take, sai bayan wanki kaɗan ƙananan huji su jeru a bin ɗinkin. Abin da ya dace shi ne allura mai dunƙulallen baki wadda aka yi domin yadi mai miƙewa, lamba 11 ko 12, domin ita tana ratsawa ne tsakanin zare ba tare da ta yanke shi ba. Idan tela za a kai wa, babu laifi a sayi allurar a wurin masu kayan ɗinki a miƙa masa, a ce, "Malam, don Allah da wannan za a yi, kuma kada a ja rigar lokacin ɗinki." Jan riga a ƙarƙashin keke shi ke sa ɗinkin ya yi lanƙwasa-lanƙwasa ya ƙi kwanciya ko an goge. Wadda ke aiki da baƙin keke kuma ta shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashin rigar ta ɗinka tare da ita, in ta gama ta yage takardar a hankali.

Aljihun atamfa

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Ƙyalle mai faɗin inci 5 da tsawon inci 6 ya isa aljihun babba bayan an naɗe gefuna, kuma kusan babu abin da za a saya. Da yake ƙarami ne kuma yana zama a saman ƙirji, rigar ba ta rasa miƙewar da take buƙata, don haka miƙaƙƙen ɗinki ya wadatar. Rauninsa yana kusurwoyi biyu na sama, inda nauyi ke ja. A manna ɗan gam na teloli, wato siririn yadi mai mannewa idan an goge shi da dutsen guga, ta cikin rigar a daidai wurin, a kuma maimaita ɗinkin kusurwar, sannan a ɗauke shi a matsayin ado, kada a riƙa cusa waya a ciki. Idan ya karkace ana warware shi ba tare da wata alama mai yawa ba. Aibinsa kawai shi ne adon kaɗan ne, kuma mayafi yana rufe shi. Ya fi kyau a rigar yara da ta maza.

Faci na ado

A nan ana yanke wani zane ne daga jikin atamfa, fure ko ganye ko tauraro, a ɗora shi a kan rigar a bi gefensa da ɗinki. Kuɗinsa kaɗan ne, ƙyalle da gam mai mannewa ta fuska biyu, amma aikin ya fi na aljihu cin lokaci domin gefen zane ba miƙaƙƙe ba ne. Yana da wani babban amfani: yana rufe tabon manja ko na bilic ko ɗan hujin da ya sa aka jingine riga mai kyau.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a wannan hanya. Na farko shi ne dogaro da gam kaɗai. Ranar da aka manna shi da dutsen guga yakan kwanta lafiya lau, amma wankin hannu da murza suna ɗaga gefensa, daga nan kuma sai ya fara zare-zare. Gam riƙo ne na wucin gadi domin facin ya tsaya har a ɗinke shi. Ɗinkin da ya fi dacewa shi ne zigizag matsattse mai faɗin milimita 2 zuwa 3 wanda ke rufe bakin ƙyallen gaba ɗaya. Wadda ba ta da irin wannan keke ta zaɓi zane mai santsin gefe wanda za ta iya naɗe bakinsa ciki ta bi da miƙaƙƙen ɗinki, ko ta bi shi da ɗinkin hannu matsattse, wanda idan aka yi shi da zare mai kauri shi ma ado ne. Fure mai ƙananan yatsu da lungu da yawa yana da kyau a jikin turmi, amma wahala ce a ƙarƙashin allura. Kuskure na biyu shi ne girma. Facin da ya mamaye faɗin ƙirji yana hana rigar bayarwa a wurin da ta fi buƙata, sai ta riƙa tattarewa a gefensa, kuma a daidai inda mai tauri ya haɗu da mai miƙewa ne rigar ke fara yagewa. Ga kuma zafi, domin riga da gam da atamfa hawa uku ne a kan ƙirji, wanda duk mai zama cikin cunkoson hanyar Oshodi da rana zai gane nauyinsa. A ganina kada faci ɗaya ya wuce tafin hannu, in ana son ado mai yawa a jera ƙanana uku ko huɗu da tazara tsakaninsu, ta yadda rigar za ta riƙa miƙewa ta cikin tazarar. A kuma kula da guga: rigar da ke da foliyesta, wato zaren da ake yi da roba, tana ƙyalli ko ta narke idan dutse ya yi zafi, balle dutsen gawayi da ba a iya daidaita zafinsa, don haka a riƙa ɗora wani ƙyallen auduga a tsakani.

Gyaran wuya

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauya fuskar riga, kuma ita ce ta fi haɗari. Ana iya bin bakin wuyan da siririn ƙyalle da aka yanka ta kusurwa, wanda teloli ke kira bayas, ana iya ɗora kwala, ana kuma iya tsaga gaban rigar a sa mata maɓallai a kan atamfa. Yadin da take ci bai kai rabin yadi ba, amma ladan tela a nan ya fi na sauran hanyoyin domin aiki ne na gwani.

Kewayen kan babba yana kaiwa inci 22 zuwa 23, ya kuma fi haka idan akwai kitso mai tudu, alhali wuyan tishat na yau da kullum idan aka auna shi a kwance bai kai haka ba, miƙewar bakinsa ce ke barin kai ya wuce. Idan aka zagaye shi da atamfa yadda yake, rigar za ta yi kyau a kan tebur, amma da aka zo sawa sai ta tsaya a goshi, in kuma aka matsa sai a ji ƙarar zare yana tsinkewa. Bayas yana ɗan bayarwa, amma ba zai kai miƙewar asalin wuyan ba. Mafita biyu ce. Ko dai a faɗaɗa wuyan kafin a ɗinka, har kewayensa ya zarce na kai da inci ɗaya ko biyu, ko kuma a yi tsaga ta inci 3 zuwa 4 a baya a sa madauki da maɓalli ɗaya. Wadda ba ta son wuya mai faɗi ta zaɓi tsagar. Tsagar gaba mai maɓallai kuwa, idan aka tsawaita ta sosai, tana sauƙaƙa wa mai shayarwa, kuma wannan dalili kaɗai ya isa a biya ladan tela.

Duk waɗannan sai an yanka, kuma da zarar an cire asalin bakin wuyan sai yadin ya fara buɗewa yana nannaɗewa tun kafin a kai shi ƙarƙashin keke. Dole ne a riƙe bakin da siririn gam ko a bi shi da ɗinki ɗaya nan take. Idan wuya ya buɗe ya saki, gyaransa sai dai a ƙara yankewa, kuma kowace yanka tana ƙara faɗinsa. Ta fuskar ƙarko, wuyan da aka yi shi daidai yana daɗewa, har ya fi asalin wuyan riƙe siffarsa. Sai dai nan ne gumi da mai da hoda ke taruwa, nan ne kuma ake murzawa da ƙarfi wajen wanki, don haka a zaɓi atamfa mai duhun launi wadda ba ta zuba. Ba na ba wa mai koyo shawarar ta fara da wuya a kan rigar da take so. Ta gwada hannunta a kan tsohuwa tukuna.

Ƙarin tsawo a ƙasa ko a hannu

A cikin hanyoyin biyar, wannan ce nake ganin ta fi amsa buƙatar matanmu a Legas, domin tana yin ado tana kuma gyara aibin da ya fi damun mutane a tishat, wato gajarta. Riga mai tsayawa a ƙugu, idan aka ƙara mata inci 6 zuwa 8 na atamfa, sai ta sauko ta rufe, a iya sa ta a kan siket ko zani na atamfar ɗaya su zama kamar ɗinki guda. Kuma wannan ne adon da mayafi ba ya ɓoyewa.

Iri biyu ne. Akwai shimfiɗaɗɗe, wanda ake ɗora ƙyalle gaba da baya ba tare da tattara ba, a bar tsaga a gefe biyu. Akwai kuma mai tattara. Shimfiɗaɗɗen ya fi sauƙin nauyi da saurin bushewa, amma dole kewayensa ya zarce awon ƙugu a wurin da ya fi faɗi da inci 3 zuwa 4, in ba haka ba zama zai yi wuya. Mai tattara yana buƙatar ƙyalle da ya kai kewayen ƙasan rigar sau ɗaya da rabi, ana kaiwa sau biyu idan yadin mara nauyi ne, amma ga atamfa sau ɗaya da rabi ya isa. A ce kewayen ƙasan rigar inci 42 ne, ana buƙatar inci 63 ke nan. Da yake faɗin atamfa wajen inci 45 ne, sai a yanko tsiri biyu ta faɗi a haɗa, kowanne mai tsayin inci 10 idan ana son inci 8 bayan naɗi da haɗi, wanda ya ɗan zarce rabin yadi. Idan kuwa zanen da ke bin bakin atamfar ake so ya zauna a ƙasan rigar, to sai an yanka ta tsawo, kuma inci 63 yadi ɗaya ne da kwata uku. Ita ce hanyar da ta fi cin yadi, sai dai ba ta da tsada idan ragowar turmi ce.

Akwai wata fahimta da ke yaudarar mutane da yawa a nan, wato zaton cewa tattara tana miƙewa. Da zarar an bi ta da miƙaƙƙen ɗinki ta kulle, kewayen wurin ya tsaya a kan awon da aka ɗinka shi. Saboda haka wurin haɗin shi ne komai. Idan aka haɗa a ƙasan riga mai yalwa, inda kewayen ya isa ya wuce kafaɗa da ƙirji, baƙin keke ma zai yi aikin babu matsala. Idan kuwa aka yanke rigar a tsukin ciki aka haɗa a can domin ta fitar da siffa, to sai an sa siririyar roba a cikin haɗin an bi da zigizag, ko a sa zif a gefe, in ba haka ba rigar ba za ta sauka ta kafaɗa ba. A auna kewayen kafaɗa da ƙirji da tef kafin a yanke shawarar inda za a haɗa.

Matsalar ƙarkonta nauyi ce. Atamfa mai tattara idan ta jiƙe tana yin nauyi, kuma idan aka rataye rigar ta kafaɗa a igiya sai nauyin ya yi ta jan jikin rigar har ta yi tsawo ta siranta. A ninka ta biyu a kan igiya a daidai haɗin, ko a shimfiɗa ta. Siririyar roba a cikin haɗin ma tana taimakawa wajen ɗaukar nauyin. Bayan ɗinki a kai wa mai keken wibin, wato keken da ke rufe bakin yadi da zare, ya bi bakin haɗin, domin atamfa tana zare-zare ta ciki ko da tishat ba ta yi.

Hannu ya fi ƙasa sauƙi nesa ba kusa ba. Bakin hannun tishat yawanci yana da yalwa, kuma ƙarin inci 6 zuwa 10 mai ɗan buɗewa yana kai shi gwiwar hannu ko ya wuce. Ba sai an yanke komai ba, ana iya ɗinkawa a ƙarƙashin naɗin da ke wurin, don haka ana iya warwarewa. Abin kiyayewa shi ne hannu mai faɗi sosai bai dace da rigar shiga kicin ba, saboda wutar gas da risho.

Furannin ƙyalle da tsirin leshi

Furen ƙyalle ba ya buƙatar keke ko kaɗan. A yanke da'ira mai faɗin inci 4, a naɗe bakinta kaɗan a bi da ɗinkin hannu, a ja zaren har ta tattare, sai ta ba da fure mai faɗin kusan inci 2. Kuɗinsa zare ne kawai, kuma yarinya mai koyo za ta iya. Da yake kowane fure a wuri ɗaya yake riƙe, rigar tana miƙewa tsakaninsu, kuma cire shi ba ya barin alama. Amma shi ne mafi rauni. Yana maƙalewa a igiyar jaka da matsatsin shiga motar haya ta danfo, ɗaurin goyo yana murƙushe shi, kuma tsakiyarsa mai kauri tana riƙe ruwa, a damina har ta yi warin danshi bayan sauran rigar ta bushe. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa furannin a kan ɗan ƙyalle ɗaya a maƙala da fil mai kulle, a cire kafin wanki. Kada a sa wa rigar jariri ko ƙaramin yaro furen da ke da dutse ko maɓalli a tsakiya, domin abin da yaro ya tsinko bakinsa yake kaiwa. Tsirin leshi kuma ya fi zama idan aka ɗora shi ta tsawo, daga kafaɗa zuwa bakin hannu, ba a zagaye jiki da shi ba, kuma leshi mai duwatsu ya yi wa siririyar riga nauyi.

| Hanya | Yadi da kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Fitowa a ƙarƙashin mayafi |
|---|---|---|---|---|---|
| Aljihu | Ƙyalle kaɗan | Mai kyau idan an ƙarfafa kusurwa | Mai sauƙi, kowane keke | Kaɗan, ana warwarewa | Ba ya fitowa |
| Faci | Ƙyalle da gam | Mai kyau idan an ɗinke gefe | Matsakaici, zigizag ya fi | Matsakaici, gam na barin alama | Ya danganta da wurin |
| Wuya | Ƙasa da rabin yadi, ladan tela mai yawa | Mai kyau ƙwarai | Mai wuya | Babba, sai an yanka | Ba ya fitowa |
| Ƙarin ƙasa | Rabin yadi zuwa sama | Mai kyau idan an kula da shanya | Matsakaici | Matsakaici | Yana fitowa |
| Ƙarin hannu | Kwatan yadi zuwa rabi | Mai kyau | Mai sauƙi | Kaɗan | Yana fitowa |
| Furanni | Ƙyalle da zare | Mai rauni | Mai sauƙi, aikin hannu | Kaɗan | Ba ya fitowa |

Wacce ta dace da wa

Tun kafin zaɓin hanya, a duba ko rigar kanta ta cancanci aikin. A ɗaga ta a haske, a kuma ja ta ta faɗi a saki. Idan ana hango hannu ta cikinta, ko ta ƙi komawa yadda take, to ta riga ta saki, kuma duk abin da aka ɗora mata zai ja ta ne kawai. A nan maganar nan ta araha ba ta ado ta yi daidai, gara a ƙara kuɗi kaɗan a ɗauki mai kauri a tarin gwanjon.

Matar da damuwarta gajartar riga ce, ko take son abin da za ta fita da shi kasuwa ko makarantar yara, ta zaɓi ƙarin ƙasa, shimfiɗaɗɗe idan rigar mara nauyi ce, mai tattara idan tana da kauri, ta kuma haɗa da ƙarin hannu na atamfar ɗaya. Wadda ba ta taɓa ɗinka yadi mai miƙewa ba kuma baƙin keke ne a ɗakinta, ta fara da hannu ko aljihu. Wadda ke son ceto riga mai tabo ko huji, faci ne maganinta, ƙarami kuma ɗinkakke. Mai shayarwa, ko wadda wuyan rigarta ya riga ya saki alhali jikin rigar lafiya yake, ta kai wa telan da ya saba da irin wannan yadi a yi mata wuya mai tsaga, ta kuma tabbatar an auna kanta kafin a yanka. Wadda biki ko suna take son yi wa kwalliya na yini ɗaya, furanni a kan fil sun ishe ta. Uwar da ke son yi wa 'ya'yanta anko ba tare da ɗinka wa kowa sabuwar riga ba, ta sayi tishat launi ɗaya ta sa wa mazan aljihu, matan kuma ƙarin ƙasa daga turmi guda. Mai niyyar yin wannan sana'a ta sayar kuwa, aljihu da ƙarin hannu ne za su fi yi mata, domin ba sa buƙatar awon kowane mai saye, yayin da wuya da haɗin tsukin ciki sai an auna mutum ɗaya bayan ɗaya.